Babban Namijin Barewa a Ƙasar da Gona Ta Cinye Daji

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu na Khartum da Umdurman da Bahri, da na ƙauyukan Jazira, da na Mai Wurno, da duk inda muryar nan ta iske ku. Waɗanda suka koma gida, Allah ya sa an koma a sa'a. Waɗanda har yanzu suke gudun hijira, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya.

Yau zancenmu na daji ne. Zancen farauta za mu yi. Za mu yi magana a kan harbin babban namijin barewa, riƙaƙƙe, mai kaurin wuya da cikar ƙaho. Duk maharbi burinsa ke nan. Shi ake ratayowa a shigo gari ana kirari. Amma tambayarmu ita ce: yaya wannan harbi yake a ƙasar da gona ta cinye daji, inda ba kurmi, ba duhuwa, sai fili fetal?

Ga maganar da nake so mu riƙe tun daga farko. Inda duhuwa ta ƙare, barewa ba ta da mafaka sai kamun kan maharbi. Zan maimaita. Inda duhuwa ta ƙare, barewa ba ta da mafaka sai kamun kan maharbi. A kan wannan magana za mu tafi, a kanta kuma za mu dawo.

To, bari mu fara da ƙasar kanta.

Duk wanda ya san Khartum ya san Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. Ya san tsibirin Tuti da gonakinsa na kayan lambu. Amma a bar bakin kogi, a nufi yamma da Umdurman, a wuce kasuwar shanu ta Muwailih. Me za a gani? Sarari ne iya ganin ido. Fako da jigawa, da tsakuwa. Can a cikin kwari sai ka hango 'yan ƙayoyi, da magarya, da aduwa jefi-jefi, da tumfafiya. Ruwan sama a nan kaɗan ne, wata biyu zuwa uku ya ɗauke. A nufi gabas kuma, filin Butana ne. A gangara kudu, ga gonakin Jazira shimfiɗe tsakanin kogunan biyu, an daidaita su kamar an sa magwaji.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu sun ratsa ta da ƙafa a kan hanyar Makka, wasu suka yada zango har zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka soma noman auduga a Jazira, hannun Bahaushe yana cikin aikin. Mun yi noma a nan. Mun yi su a nan. Mun yi farauta a nan. Saboda haka, maganar dajin nan maganar gidanmu ce.

Sai mu juya ga dabbar da ake magana a kanta.

Barewar wannan yanki 'yar ƙarama ce, ba ta kai akuyar gida nauyi ba. Launinta launin rairayi, cikinta fari. Allah ya halicce ta domin ƙasar ƙishirwa. Takan daɗe ba ta sha ruwa ba, danshin ganye da raɓa sun ishe ta. Tana cin ganyen ƙaya da 'ya'yanta da suka zubo. Cikinta wajen wata shida ne, galibi ɗa ɗaya take haifa. In ta haihu sai ta ɓoye ɗan a gindin wata ƙaya ko cikin ciyawa, ta tafi kiwo, ta riƙa dawowa tana shayar da shi. Ku lura da wannan, masu saurare. Ɗan barewa a kwanakinsa na farko ba gudu ne ke tsare shi ba, ɓuya ce. In ba inda zai ɓuya, to dila da kare da mikiya sun sami abinci.

Shi kuwa babban namiji, halinsa daban ne. Samarin maza sukan ware su yi garkensu. Amma riƙaƙƙen namiji yakan kama wani yanki ya mai da shi nasa. Yana da wuraren da yake tara kashinsa, kullum nan yake komawa. Yakan hau ɗan tudu ya tsaya, kai a ɗage, yana duban ƙasarsa. Matan da suka shigo yankin, shi ke barbararsu. Bai kai wannan matsayi a banza ba. Ya tsallake fari, ya tsallake cuta, ya tsere wa karnuka, ya kayar da 'yan'uwansa maza a karo. Ƙahonsa mai zobe-zobe shaida ce ta shekarun da ya sha.

To, a nan gizo ke saƙa. Abin da ya sa shi ya zama babba, shi ne kuma yake bayar da shi ga maharbi. Mata da ƙanana in an tsorata su sai su bar wurin. Shi kuwa ko an kore shi yau, gobe zai dawo, domin ba ya barin ƙasarsa. A cikin kurmi wannan ba komai ba ne, duhuwa tana rufa masa asiri. Amma a filin da aka girbe dawa, aka kwashe kara, aka sare bishiyar ƙarshe? Daga nesa ake hango shi, tsaye shi kaɗai. Inda duhuwa ta ƙare, barewa ba ta da mafaka sai kamun kan maharbi.

Yanzu bari mu tuna yadda maharban da suke yi.

Kada wani ya ɗauka cewa harbi a fili sabon abu ne. Maharbin ƙasar Hausa ya san shi tun kaka da kakanni, kuma ya san wahalarsa. Domin in fili ya tona asirin barewa, ya tona na maharbi ma. Kana ganinta, tana ganinka. Kibiya kuwa ba ta da nisan tafiya. Bindigar toka ma haka, in ka harba sau ɗaya sai ka zauna ɗuri. Dole sai ka matso kusa. To, ta yaya?

Nan ne hikimar burtu ta shigo. Maharbi zai sami kan burtu da bakinsa, ya haɗa da wuyan itace, ya naɗe da fata, ya ɗaura a goshi. Ya yafa baƙin zane a bayansa. Kafin ya taka, sai ya ɗebi ƙura ya saki, ya ga inda iska ta nufa. A hunturun nan ƙasar iska daga arewa take busowa, don haka ta kudu zai ɓullo, iskar tana dukan fuskarsa, don kada ta kai wa dabba warinsa. Sai ya duƙa. Ya yi taku biyu ya tsaya. Ya sunkuyar da kai kamar tsuntsu yana tsattsagar ƙasa. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ba ya miƙewa kai tsaye. Barewa ta ɗago ta dube shi, ta ga burtu ne yana kiwonsa, ta mayar da kai. Rana tana dukansa, ƙaya tana sukar gwiwarsa, ƙishirwa tana cinsa. Daga hantsi har azahar yana iya kasancewa cikin wannan sanɗa. Kuma sau da yawa, yana gab da isa, iska ta juya, barewa ta yi tsalle ta bar shi da ƙura.

Wannan ita ce farauta. Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Maharbi yana da dabara, dabba tana da ido da hanci da ƙafa. Wata rana ya yi nasara, ranaku da yawa ita ta yi. Ga kuma ladabin sana'a. Akwai sarkin baka, akwai manya da ake jin maganarsu. Da rani ake fita, bayan an kai amfanin gona gida. Damina ta faɗi, a rataye kwari da baka a ɗauki fartanya, daji ya huta, dabbobi su yi renon 'ya'yansu. Da wannan tsari aka yi ɗaruruwan shekaru ana harbi, barewa ba ta ƙare ba.

To, me ya canza? Abu biyu ne. Ku biyo ni.

Na farko, duhuwa ta tafi. Gonakin Jazira da ƙarinsu na Manakil sun kai wajen eka miliyan biyu, kusan ba bishiya a cikinsu sai a bakin magudanan ruwa. A gabas, wajen Gadarif, an soma noman inji tun shekarun 1940. Tarakta ba ta son kututture, saboda haka aka riƙa share daji ƙaƙaf don shuka dawa da riɗi. Ku ji abin da ya biyo baya. Gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935 a kan iyakar Habasha, yana da wata babbar barewa da mutanen nan ke kira ariyal. Da damina takan fita daga gandun zuwa filayen arewa. Da gonakin inji suka mamaye waɗannan filaye, ta fito ta tarar ba wurin kiwo, ba wurin ɓuya, sai bindiga. Zuwa shekarun 1970 an neme ta a Dindir an rasa. Daga baya raƙumin dawa ma ya bi sahunta.

A nan kusa da mu ma labarin ɗaya ne. Dattawan Khartum suna tuna shingen bishiyoyi da aka dasa a kudancin birni a shekarun 1960 don tare ƙura. Yau gidaje ne a wurin. Farin 1984 zuwa 1985 ya koro dubban bayin Allah daga Kurdufan da Darfur zuwa bayan garin Umdurman, kowa kuwa yana bukatar itacen girki. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, mafi yawan kurmin ƙasar da namun dajinta suka tafi da ita. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Iskar gas ta yanke, wuta ta ɗauke, aka koma ga itace da gawayi. Dajin Sunut, wannan kurmin bagaruwa da ke bakin Farin Nilu a tsakiyar Khartum, wanda aka keɓe tun zamanin Turawan Ingila, tsuntsaye suna sauka a cikinsa daga ƙasashe masu nisa, an yi masa mummunar sara. Ba na zargin uwar da ta nemi itacen dafa wa 'ya'yanta abinci. Amma gaskiya ɗaya ce, duhuwa ta tafi.

Na biyu, kayan harbi sun canza. Yau ba burtu, ba sanɗa. Mota ce, wadda muke kira boksi, ko babbarta mai cin rairayi. Mutum uku ko huɗu a baya, kowa da bindiga mai sarrafa kanta. Dare ya yi, a kunna babbar fitila, a riƙa share fili da ita. Can sai a ga idanu biyu suna ƙyalli. Haske ya maƙale wa barewa ido, ta tsaya cak, ba ta san inda za ta nufa ba. In ta samu ta zabura, sai a bi ta. Gudunta ba wasa ba ne, amma numfashi gare ta, mota kuwa mai ne a cikinta. Ba kurmin da za ta faɗa, ba kwazazzabon da zai tare taya. A bi ta, a bi ta, har ƙafafunta su ƙi ɗaukarta, ta durƙushe tana haki, harshe waje. Wani lokaci ko harsashi ba a ɓatawa. A dare ɗaya a share garken da maharbin da zai shekara bai taɓa rabinsa ba. Akwai 'yan gari masu yin haka. Akwai kuma baƙi masu hannu da shuni daga ƙasashen Larabawa na gaɓar teku, da suka daɗe suna shigowa da jerin motoci da shaho da karnuka. Yanzu kuma yaƙi ya watsa bindiga a hannun kowa.

Jama'a, ku faɗa mini, ina jarumtaka a nan? Wane kirari za a yi wa wanda taya ta yi masa gudu, fitila ta yi masa sanɗa? Wannan yanka ne, ba farauta ba.

Yanzu bari mu saurari ɗaya ɓangaren, domin adalci ya yi.

Wani maharbi zai ce: "Malam, ai mu ba ma taɓa mata. Babban namiji muke nema. Namiji ɗaya ya ishi mata goma. In an ɗauke tsoho, saurayi ya maye gurbinsa." Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Lallai harbin mace ya fi muni, wanda ya harbi mai ciki ya kashe biyu. Kuma akwai ƙasashen da suke tafiya a kan wannan tsari. A Amurka, a jihohin noman masara irin su Ayowa da Kansas, inda daji bai wuce 'yan layukan bishiyoyi a bakin rafi da kan iyakar gona ba, maharba suna dakon babban namijin barewarsu mai farar wutsiya. Da yawa cikinsu sukan ƙyale ƙananan maza su wuce, su jira wanda ya riƙa.

Amma a tambayi yadda suka kai nan. Wajen shekarar 1900 su ma sun kusa ƙarar da barewarsu. Sai suka taka birki. Suka sa lokacin harbi, 'yan makonni a shekara. Suka sa lasisi, kowa da adadin da aka yanka masa. Suka hana harbi da fitila, suka hana sayar da naman daji a kasuwa. A 1937 suka yi dokar da ta sa harajin bindiga da harsashi ya koma ga kula da namun daji. Kowace shekara ana ƙidaya, a san abin da ke akwai kafin a ce ga abin da za a ɗauka. Yau barewarsu miliyoyi ce. Su daga riba suke ci. Mu kuwa uwar kuɗi muke ci, ba mu ma san nawa ya rage ba.

Batun cewa namiji ɗaya ya isa kuma, duniya ta gwada ta gani. A filayen Rasha da Kazakistan akwai wata dabba dangin barewa da ake kira saiga. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma yana da tsada a kasuwar maganin gargajiya ta Sin. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, tsaro ya lalace, aka far wa maza. Kowa yana cewa ai namiji kawai na ɗauka. Aka wayi gari maza sun yi ƙarancin da mata da yawa suka shekara ba ciki. Dabbar da ake ƙirgawa da miliyan ta kusa ƙarewa cikin shekara goma. A Kanada kuma, masana sun bi wani garken ragunan dutse na tsawon shekara talatin a lardin Albata, inda maharba ke zaɓen masu manyan ƙaho. Sakamakon da suka fitar a 2003 ya nuna ƙahon ragunan da jikinsu sun riƙa ƙanƙancewa. Dalili a fili yake. An cire nagartattu, an bar ragowa su haifi na gaba.

Misali na kusa ma yana nan. Lokacin da ƙasar nan ta sami 'yanci a 1956, hoton karkanda ne a tambarinta. A watan Maris na 2018, namiji na ƙarshe na farin karkandan arewa ya mutu a wani gandu a Kenya. Sunansa Sudan, domin a ƙasar nan aka kamo shi yana ƙarami, a yankin da yanzu yake Kudu. Ya bar mata biyu, 'yarsa da jikarsa. Ƙaho ne ya jawo wa danginsa wannan ƙarshe.

Kowane manomi da ke saurarena ya san wannan darasi. Ranar girbi, zangarniyar da ta fi kowace cika ita ake warewa a rataye. Ko yunwa ta yi yunwa ba a sussuka ta, domin ita ce iri. Babban namijin barewa shi ne irin garke. Manomi ba ya cinye irinsa. Maharbi ma kada ya cinye nasa.

Akwai wata magana kuma da na san tana ran wasu. Za su ce: "Mutane sun mutu, gidaje sun rushe, yunwa tana cin yara, kai kana zancen barewa?" Wallahi ran ɗan Adam ya fi komai, ba mai musun wannan. Wanda yunwa ta kai shi bango ya harbi dabba ya ciyar da iyalinsa, ba shi nake nufi ba. Amma mu dubi gaskiya. Mai jin yunwa ba shi da mota mai cin rairayi, ba shi da kuɗin mai. Masu share garke da daddare ba yunwa ce ta fitar da su ba. Nishaɗi ne, da ciniki, da son a ɗauki hoto a sa a Facebook. Addininmu kuma bai bar mu a duhu ba. Allah ya halatta farauta. Amma malamanmu na Malikiyya, mazhabar da Kano da Umdurman suka yi tarayya a cikinta, sun rarrabe. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san farauta don bukata halal ce, farauta don wasa kuwa makaruhi ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mai da mai rai abin gwajin harbi. Bugu da ƙari, ƙayar da ke ɓoye ɗan barewa ita ce ke tare rairayi daga gonarka, ita ce ke ciyar da akuyarka da bazara. In ta tafi, tare muke asara.

To, mene ne abin yi? Kowa da nasa rabo.

Manomi, ɗan'uwana, a hannunka duhuwa take. Dokar gandun daji ta 1989 ta ce a bar kashi goma cikin ɗari na gonar damina ta inji ga bishiyoyi, kashi biyar kuma a gonar ban-ruwa. Aiki da dokar ne ya yi ƙaranci. Kada ka jira hukuma. Bar layin ƙaya a kan iyakar gonarka. Bar bagaruwa a bakin magudana. Dakwara in ka bar ta, ƙaro za ta ba ka, ƙaro kuwa kuɗi ne, Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. In kana sharar gona ka ga toho a kan kututture, rage masa rassa ka ƙyale shi. Manoman Maraɗi da Damagaram da wannan dabara suka mayar da miliyoyin bishiyoyi gonakinsu.

Maharbi, kai ne ka fi kowa sanin daji, kai ne kuma za ka fi kowa kewarsa. Ajiye fitila. Sauka daga mota. Ƙyale mace, ƙyale ɗa. In ka hango babban namiji tsaye a tudunsa, a yankin da ka san garken bai wuce a ƙirga da yatsu ba, sauke bindiga ka wuce. Shekarun nan na hutun daji ne. Manyan maharba, ku tara yaranku ku sa doka a tsakaninku, maganarku ta fi ta takarda shiga kunne.

Mai saye, kai ma da hannunka a ciki. Fatar barewa da ƙahonta da aka saba gani a rumfunan kasuwar Umdurman, da 'ya'yan barewa da ake kamowa don ado a tsakar gida, ciniki ne ke jawo su. Sau da yawa sai an kashe uwa kafin a ɗauko ɗa. In ba mai saye, ba mai kawowa.

Hukuma kuma, dokar kare namun daji ta 1986 ta hana farauta ba lasisi. A ƙarfafa 'yan sandan gandun daji, a ba su abin hawa da haƙƙinsu. A ƙidaya abin da ya rage a yammacin Umdurman da Butana da duwatsun Sabaloka kafin a ba kowa takardar harbi, ɗan gari ne ko baƙo, talaka ne ko attajiri. Kuma yayin da ake sake gina Khartum, a sa dajin Sunut cikin lissafi.

Kada mu yanke ƙauna. Mariri, mai dogayen ƙahoni kamar takobi, wanda ya taɓa yawo a arewacin Kurdufan da Darfur, an ayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000. A 2016 maƙwabciyarmu Chadi, da taimakon Abu Dabi, ta sake sakin sa a Wadi Rime. Yau yana haihuwa a can. Saigar Kazakistan ma da aka hana harbinta ta dawo, ta haura miliyan. Barewa ba ta neman abinci daga gare mu, ba ta neman ruwa. Inuwa kaɗan take nema, da a ɗaga mata ƙafa.

Masu saurare, nan za mu dasa aya. Inda duhuwa ta ƙare, barewa ba ta da mafaka sai kamun kan maharbi. Don haka mu mayar mata da duhuwa, mu kuma kame hannunmu. Ku isar da wannan magana ga ɗanku mai bindiga, da maƙwabcinku mai mota, da abokinku mai gona. Amana ce Allah ya ba mu, zai kuma tambaye mu. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba mu damina mai albarka.